Kafin Ka Kunna Kwamfuta a Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana Mansur,

Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya ɗauke ka lafiya Ya sauke ka lafiya, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya haɗa ka da mutanen kirki duk inda ƙafarka ta taka. Ina rubuta wannan ne alhali bango ɗaya ne tsakanina da kai, ina jin ka kana jan akwati kana kiciniyar rufe shi. Na so in faɗa maka da baki. Duk lokacin da na zaunar da kai sai maganar ta maƙale, in ɓige da tambayar ka ko ka ci abinci. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Na san rubutun Sin ya fi maka saurin karantawa, amma da Hausa na yi, don ita za ka tarar a can. Ka bi ta a hankali.

Ka san halin da muke ciki, amma bari in faɗe shi ƙarara sau ɗaya. Shagonmu na unguwar Tianhe, nan Guangzhou, ya rufe. Takardar zamanka a jikin tawa take, yanzu ka girma an cire ka, ni kuma ba ni da sauran kamfanin da zan ɗauke ka aiki da sunansa. Za ka koma Kano, garin da ka bari kana goye a bayan mahaifiyarka, ka sauka a gidan ƙanena, baffanka Rabi'u, ka nemi abincinka da abin da ka iya, wato haɗa kwamfutar tebur. Ka fi ni hannu a wannan aiki, ban taɓa ɓoye maka ba. Abin da na fi ka shi ne ɓarna. Na ɓata injuna, na ɓata mutane. Tunda ba ni da gida ko fili da zan nuna in ce ga naka, bari in ba ka labarin ɓarnar, ko ka kauce wa inda na faɗa.

Zuwana na farko Guangzhou, wayoyin hannu na zo sarowa. Wani abokin tafiya ya ja ni rakiya Tianhe, muka shiga ɗaya daga cikin manyan benayen nan na 'yan kwamfuta. Na ga wani mutum ya kwantar da akwatin kwamfuta a kan tebur yana dasa furosesa, ƙwaƙwalwar injin, a kan bod, babban allon ciki, a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Na tsaya har ya gama, ya danna maɓalli, fankoki suka tashi gaba ɗaya. Ban sayi waya ko ɗaya ba a wannan zuwan. Daga ranar na kamu, kuma irin kamuwar da na yi ita nake gani a idonka in ka ga sabon akwatin gilashi mai fitilu. Wannan son shi ya ciyar da mu, shi ne kuma ya fara kai ni ƙasa.

Akwai wani Nura a Kano, mai ɗaukar hoton biki yana tacewa. Mutumin kirki ne, ya yarda da ni tun ban kai a yarda da ni ba. Ya ce in haɗa masa kwamfuta mai ƙarfi wadda za ta ɗauki aikin bidiyo. Na zage na haɗa masa abin da ni nake sha'awa: akwati gilashi ta gaba, gilashi ta gefe, fitilu suna sauya launi, furosesar ma na ƙara mata gudu fiye da yadda masu ita suka tsara, don ya ji ana cewa babu irin tasa a layinsu. Na gwada ta a shagonmu, inda esi ke busawa har mutum ya nemi rigar sanyi. Ta yi lafiya lau. Alhaji Isufu ɗan Maraɗi, wanda ka taso kana kira Tonton, ya shigo ya zagaya ta, ya ce, "Sani, odinatar nan ta yi kyau. Amma ta ina za ta sha iska? Ka tuna bazarar garinku." Na yi dariya na nuna masa fankokin da na jera a ciki. Ban tsaya na lura cewa a bayan gilashi suke ba, iskar da ta riga ta yi zafi kawai suke juyawa.

Shagon Nura ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, tagarsa ba ta buɗuwa. Ban sani ba, don ban tambaya ba. Da zafi ya shigo kwamfutar ta fara nauyi, ta koma kashe kanta ana tsakar aiki. Ya kira ni na ce ya matsar da ita kusa da ƙofa. Ya matsar, har tawul ya riƙa jiƙawa yana ɗora mata. Wata rana ta mutu ba ta sake tashi ba, kuma faifan ajiyar da ke cikinta ya tafi da duk bukukuwan da bai gama tacewa ba. A cikinsu akwai na wata yarinya da mahaifinta ya rasu jim kaɗan bayan bikin, kuma wannan bidiyon shi ne hotonsa na ƙarshe yana magana yana dariya. Nura ya kira ni ya ce, "Alhaji, me zan ce wa yarinyar nan?" Ni kuwa na ce masa bai iya kula da inji ba. Ya bar sana'ar a shekarar. Labarin ƙarshe da na samu, adaidaita sahu yake ja.

Don haka, ɗana, kafin ka tambayi mutum irin kwamfutar da yake so, ka tambaye shi ɗakin da za ta zauna. In da hali ka je ka gani da idonka, da tsakar rana, ka tsaya a ciki har ka yi gumi. Ka ba shi akwati mai raga a gaba, iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya da sama. Ka sa babban ƙarfen shan zafi a kan furosesa, ka shafa man da ke tsakaninsu daidai misali, ka koya masa cire raga ya kakkaɓe. Kada ka ƙara wa furosesa gudu a Kano, ko mai ita ya roƙe ka. Za a ce kwamfutarka ba ta da ƙawa, wani ma ya wuce shagon da ke gaba ya sayi mai fitilu. Ka bar shi ya tafi. Kuma duk wanda ka haɗa wa inji don aikin da yake ci da shi, ka matsa masa ya sayi faifai na biyu ya riƙa kwafe aikinsa. In bai yarda ba ka nanata, har ya ji haushinka.

Na san ka da son sanyaya kwamfuta da ruwa. Na ga yadda kake lanƙwasa tiyo da wuta har ya fito ba ƙwarzane, na ga yadda kake zama kana kallon ruwa mai launi yana zagayawa daga famfo zuwa lagireto. Aiki ne mai kyau, ni kaina ban iya shi kamar kai ba. Amma ka ji abin da ya same ni. Akwai shekarar da samari masu gidajen wasan kwamfuta suka yi mini caa, kowa mai ruwa yake so. Na haɗa su a nan, na cika su da ruwa, na ɗaure katin hoto, mai fitar da hoto a fuskar kwamfuta, da komai a ciki, don in an buɗe kwali sai dai a jona wuta. Na kai su tashar jiragen ruwa ta Huangpu da kaina na ga an loda. Kwantenar ta sha rana a tasha, ta sha teku, ta yi zaman jira a Legas, sannan ta hau mota ta bi hanyar Arewa da ramukanta. Da aka buɗe, wasu tiyon ya saki ruwa ya bi bod ya bar tsatsa kore, wasu nauyin katin hoton ya fizge mazauninsa ya tsage. 'Yan kaɗan da suka isa da rai, famfonsu ya mutu bayan 'yan watanni, aka zagaye kasuwa ba a sami irinsa ba. A nan in mai shago ya ce maka "meyo", babu, sai ka taka shago na gaba. A can in an ce babu, sai dai ka jira jirgi.

Saboda haka ka riƙe ruwa a matsayin abin wasanka, a kwamfutarka ta kanka, wadda in ta zuba kai kaɗai za ka yi kuka. Ga mutane kuwa ka ba su fanka da ƙarfe. Fanka in ta mutu za ka samu wata a titin Beirut kafin la'asar, kuma ko ta tsaya, ƙarfen zai riƙe zafin na ɗan lokaci. In za ka yi odar kaya daga nan, kowane abu ya zo a kwalinsa, ka haɗa a can.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi. Ka san baffanka Rabi'u yana da hannu ɗaya da ba ya miƙewa, ka san gobara ce. Kana ƙarami lokacin, ban taɓa zama na ba ka labarin daga farko ba, kuma bai kamata ka shiga gidansa da rabin labari ba.

Rabi'u malamin makaranta ne. Da aka koma yin jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta, ya ga yaran unguwarmu suna faɗuwa ba don ba su iya karatu ba, sai don ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ya bar aikinsa, ya sayar da rabonsa na gonar gado, ya kama wani zaure mai faɗi ya ce in cika masa shi da kwamfutoci na koyo. Bai yi ciniki da ni ba. Cewa ya yi, "Yaya, kai ka san abin, ka yi yadda ya dace." Na sayi bod mai kyau, ram mai kyau, don su ne ake gani in an kunna. Da na zo kan akwatin wuta, wanda ke karɓar lantarki daga bango ya raba wa sauran kayan, sai na ce a nan zan rage. Wani mai shago a can ƙuryar bene ya nuna mini wasu masu arha, an buga musu lambar ƙarfi babba a jiki, ya ce duk ɗaya ne da masu tsada. Ba yaudarata ya yi ba, Mansur. Na daɗe a kasuwar, na san ba a samun irin wannan ƙarfin a wannan farashin. Sukudireba tana aljihuna. Ban buɗe ko ɗaya ba, don na san abin da zan gani.

Sun yi aiki kusan shekara. Wata ranar Asabar da hantsi, zauren cike da yara, aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi. Ɗaya daga cikin akwatunan wutar ya fashe, wutar ta kama labule, ta hau silin. Rabi'u ya fitar da yaran. Da ya duba a waje ya ga babu wata yarinya, ya koma. Ya same ta a durƙushe ƙarƙashin tebur, ya rufe ta da rigarsa ya fito da ita, silin ɗin roba yana ɗiga a hannunsa na dama. Yarinyar ta rayu, ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Hannun da yake rubutu da shi a allo shi ne ya naɗe, hayaƙin kuma ya zauna masa a ƙirji har yau.

Abin da na yi bayan nan ya fi abin da na yi kafin nan muni. Ban je ba. Na ce biza, na ce kaya suna kan ruwa, na ce bayan salla. Na aika masa saƙo yana gadon asibiti cewa laifin masu wuta ne. Da ya warke ya sa aka tono ɗaya daga cikin akwatunan da ba su ƙone ba, aka buɗe, ya turo mini hoton. Ciki kusan fayau, 'yan wayoyi sirara, da wani guntun ƙarfe da aka manna da gam don ya yi nauyi a hannu. Bai rubuta komai a ƙarƙashin hoton ba. Ni ma ban amsa ba. Daga nan muka daina magana, sai dai gaisuwar salla ta bakin dangi.

Kada ka taɓa rage kuɗi a akwatin wuta. Ka rage a fitila, ka rage a akwati, ka ba mutum ƙaramar furosesa in aljihunsa bai kai ba, amma wuta ka sa ta gaske. Duk sabon samfurin da ba ka sani ba, ka sadaukar da guda ka buɗe ka duba cikinsa, amma ka bar shi ya huce tukuna, don yana riƙe wuta ko an zare shi. Kada ka ba kowa inji ba tare da ka tabbata yana da sitabilaiza ba. Kuma in abin da ka haɗa ya cuci wani, ka tafi da ƙafarka a ranar, tun kafin ka san me za ka ce. Ni jira na yi in sami abin faɗa, har shekaru suka wuce ban samu ba.

A gidan baffanka, in kuna cin abinci za ka ga da hagu yake ci. Kada ka zuba wa hannun ido, kada kuma ka yi saurin kawar da kai, duka biyun yana gani. In zai ɗaura agogo ko ya ɓalle maɓalli kada ka yi wuf ka taimaka sai ya nema. In maganata ta taso aka faɗi abin da ba ka ji daɗi ba, kada ka kare ni, gaskiya suke faɗa. Kada kuma ka yi ta ba shi haƙuri a madadina, ba kai ka yi ba, kuma zai gaji da ji. Ka gaishe da matarsa a durƙushe, ka ci abin da aka ba ka, ka daina cewa a Guangzhou kaza ake yi. Za su yi dariyar Hausarka, ka taya su.

Sauran maganar mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta. Wannan ban san irin shawarar da zan ciro maka daga ciki ba, amma zan faɗa.

Ka san watannin nan na bayan sanyi da garin nan ke jiƙewa, bango ya yi gumi, tayil ya yi santsi, wanki ya kwana uku a rataye bai bushe ba. Lokacin muna zaune a tsohon gidan nan na bayan titin Huanshi Lu, ɗaki biyu, ɗaya muna kwana, ɗaya na cika shi da kaya. Laima tana cin kayan kwamfuta, tana sa ƙafafun ram su yi baƙi, don haka na sayi na'urar tsotse laima guda ɗaya na sa a ɗakin kaya na rufe ƙofa. Ɗakin kwananmu kuwa baƙin funfuna ya bi kusurwa har bayan gado. Mahaifiyarka ta fara tari. Ta ce mini sau ɗaya, cikin wasa, in an gama shanya kwamfutoci a ara mata injin ta shanya ƙirjinta. Na yi dariya na ce zan sayo na biyu. Kullum ina wuce shagon da ake sayar da su. Ta ce tana son ta je gida ta ga mahaifiyarta ta sha busasshiyar iska, na ce bari kwantenar nan ta tashi. Da ta tashi na ce bari ta isa. Lokacin da na kai ta asibiti, likita ya duba hoton ƙirjinta ya dube ni, ya tambayi tun yaushe take haka. Da na faɗa masa sai ya ci gaba da rubutu.

Ban ce laimar ce ta kashe ta ba. Kwana ne ya ƙare, kuma likitoci sun ce ciwon ya daɗe a jikinta. Amma na san a wane ɗaki na sa injin. Ranar da muka dawo daga maƙabarta, Tonton Isufu ya rako mu gida, na buɗe ɗakin kaya don in ɗauko masa kujera, iska mai daɗi busasshiya ta bugi fuskata, kwalaye a jere tsaf ba abin da ya taɓa su. Na ja ƙofar na rufe, na zauna a ƙasa. Kai kana tsaye riƙe da rigar Tonton kana kallona.

In Allah Ya ba ka iyali, duk abin da za ka saya don lafiyar inji, ka fara duba ko mutanen gidanka suna da irinsa. In matarka ta faɗi abu cikin wasa, ka sake saurare. Iyakar abin da na iya cirowa ke nan, kuma na san bai kai girman abin ba.

Kada ka zaci ina tura ka ne inda arziki yake jira. Sana'ar nan tana ƙanƙancewa a hannunmu. 'Yan kasuwar da a da suke cika shagonmu, yanzu daga Kano suke danna waya kaya su iske su, ba mai bukatar wani Sani a tsakiya. Katin hoto ya yi tsadar da mai ƙaramin ƙarfi ba ya ko tambaya. Kasuwa ta cika da tsofaffin katuna da aka gasa dare da rana a gidajen haƙar kuɗin intanet, aka wanke aka sa a sabon kwali. Za a kawo maka su da arha, ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwancewa, ka duba ko bod ɗin ya yi jaja-jaja kusa da ƙwaƙwalwar katin. A can kuma ga rashin wuta, ga tsadar man janareta, ga matasa da waya ta ishe su komai. Wataƙila ka yi duk abin da na ce daidai kuma shagon ya ƙi tsayawa. In haka ta faru kada ka yi irin tawa, ka nace shekara da shekaru don kunyar a ce ka kasa. Ka rufe, ka koyi haɗa sola ko gyaran inbata, hannunka zai iya. Ni na ba garin nan ƙuruciyata, na ba shi matata, yau in na shiga benen da na yi rabin rayuwata a ciki, yaran da ke shagunan ba su san ni ba, sai su ce "lauban," wato maigida, "me kake nema?" kamar baƙon da ya sauka jiya.

Da aka tabbatar mini ba za a sabunta takardarka ba, na rasa wanda zan kira. Na daɗe riƙe da waya, sannan na kira Rabi'u. Ya ɗauka, na yi sallama ya amsa, ina jin numfashinsa yana ƙugi. Na faɗa masa halin da ake ciki. Ban kai ga roƙon ba ya katse ni ya ce, "Turo shi. Ɗana ne, ɗakinsa na nan." Na ce, "Rabi'u, maganar akwatunan nan..." Ya ce, "Yaya, na yi shekaru ina jiran wannan maganar, har na daina bukatarta. Ka turo yaron kawai." Ya kashe. Ban sani ba ko yafiya ce ko rufe ƙofa. Na fi zaton shi ma bai sani ba.

Za ka tambaye ni yaushe zan biyo ka. A filin jirgi zan ce maka kwanan nan, don kada mu tsaya muna kuka a gaban mutane. A nan kuwa gaskiya zan faɗa maka: ban sani ba, kuma kada ka gyara mini ɗaki. Tawa takardar tana da sauran 'yan watanni. Tonton Isufu ya ce in riƙa duba masa lodi a Huangpu kafin nan. Bayan haka ban hango komai ba. In na tafi, ba mai zuwa ya tsaya a kan kabarin mahaifiyarka ya yi mata addu'a da harshen da ta sani. In na zauna, ba ni da abin zama. In na iso Kano, ban san da wace fuska zan shiga zauren gidanmu ba.

Akwai kuma abin da ka riga ka lura da shi ka yi kawaici, Allah Ya yi maka albarka. Watannin nan da nake miƙa maka bod in ce kai ka dasa furosesa don ka ƙware, ba don ka ƙware ba ne. Ba na ganin 'yan ƙafafun nan. Na je an duba, sukari ne ya taɓa jijiyar idon, an ce za a iya rage masa gudu amma abin da ya tafi ya tafi. Wannan wasiƙar ma da haruffa manya kamar na allon talla nake buga ta. Kwamfutar ƙarshe da zan haɗa a duniya na riga na haɗa ta, ban ma san ita ce ta ƙarshe ba, balle in tsaya in dube ta da kyau.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da ka haɗa injinka na farko a Kano, kada ka turo mini hoto, ba zan ga komai ba sai haske. Ka kira ni, ka ce wa mutanen shagon su ɗan yi shiru, ka kara wayar a jikin akwatin sannan ka danna maɓalli. Kunnena bai mutu ba. Daga tashin fankokin zan san ko ka ɗaure su daidai, ko wata waya tana taɓa fiffike, ko iska tana wucewa yadda ya kamata. In na yi shiru ban ce komai ba, kada ka zaci layi ne ya yanke. Ka bar ni in saurara.

Allah Ya kai ka lafiya, ɗana. Allah Ya tsare ka daga wuta da ruwa da sharrin hanya, Ya tsare mutane daga sharrin hannunka, Ya sa abin da za ka haɗa ya zama sanadin abincin wani ba sanadin kukansa ba. Allah Ya sanya ƙaunarka a zuciyar baffanka, Ya ba shi lafiya, Ya saka masa da abin da ni na kasa. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya haskaka makwancinta. Ka riƙe salla. Ka gaishe da kowa da kowa a gida, wanda ya amsa da wanda bai amsa ba.

Na bar ka a hannun Allah.

Mahaifinka,
Sani
Guangzhou